Wa Zai Duba Aikin Mai Koyon Zane, Malami Ko Kasuwa?

A wannan karo ina so ne in taɓa wani batu da mutane da dama ke ɗauka ƙaramin abu ne, wato zanen fosta da tambari. Duk wanda ya bi hanyar Kagoro zuwa Kafanchan zai ga cewa babu bango ko falwayar da ta tsira daga manne-manne: ga fostar 'yan takara, ga ta taron coci, ga ta wa'azi da maulidi, ga ta aure, ga ta jana'iza, sannan ga allunan shaguna birjik. Ni ma yanzu ina cikin masu koyon wannan sana'a a wani ɗan shagon kwamfuta da ɗab'i a Kafanchan, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne: makin da malami ke bayarwa a aji rabin hukunci ne kawai. Sauran rabin yana hannun mutumin da zai wuce ta gaban allon a kan acaɓa, ko tsohuwar da ba ta karanta boko ba amma da kuɗinta a ƙulle a bakin zane. Idan waɗannan ba su gane aikinka ba, to ka faɗi, ko da kuwa malam ya ba ka ɗari bisa ɗari.

Abin da ake ba mu, da abin da muke kawowa

Ayyukan da ake ba mai koyo ba su da wani yawa. Za a ce ka zana tambarin wani shago, ko ka tsara fostar wani taro, ko katin gayyata. Mu an ba mu guda biyu da suka tsaya mini a rai: fostar bikin Afan, wanda mutanen Kagoro ke yi ranar 1 ga Janairun kowace shekara, da kuma tambarin mai sayar da citta. Abin da malam ke dubawa shi ne ko haruffa sun daidaita, ko launuka sun zauna da juna, ko an bar fili a gefe don kada wuƙar yanka ta cinye rubutu, ko hoton zai fashe idan aka buga shi babba. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma wajibi ne a iya su.

To amma fa idan aka jera ayyukan 'yan aji a tebur, sai ka rantse mutum ɗaya ne ya yi su. Tambarin citta ya zo da ƙwallon duniya, da kambun sarautar Turawa ruwan zinare, da garkuwa irin ta kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Ingila. Fostar Afan kuwa ta zo da wani dutse mai ƙanƙara a kai da aka kwaso daga intanet, alhali ga Dutsen Kagoro nan tsaye, in ka fito ƙofar gida ka ɗaga kai za ka gan shi. Dalili a fili yake. Manhajoji irin su CorelDraw da Canva suna zuwa da zane-zanen da aka riga aka tsara, sai dai kawai ka goge sunan wani ka sa naka. Aiki ya yi sauƙi, amma sakamakon shi ne allon mai chemis ya yi kama da na mai aski, na mai aski ya yi kama da na makarantar kuɗi, garin duka ya yi kama da wani wuri da babu shi a taswira. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Mutanenmu sun iya karatun alama

Wani zai ce ai mutanen ƙauye ba su san zane ba, duk abin da ka ba su ɗauka za su yi. Wannan magana ba ta da tushe. Ni a shagon tireda na taso, kuma abin da kunnena ya saba ji shi ne: a ba ni Maggi mai tauraro, a ba ni batir mai kan damisa, a ba ni sabulu mai makulli. Mai saye ba ya kiran sunan kamfani, hoton yake kira. Kuma idan aka kawo jabu, tun kafin mai shago ya lura, wata tsohuwa za ta juya kwalin ta ce wannan jan bai kai na da ba. Wanne malamin zane ne ya fi wannan ido?

'Yan siyasa sun daɗe da gane haka. A Jamhuriya ta ɗaya NPC fartanya ta ɗauka, NEPU ta ɗauki tauraro, NCNC zakara. A 1979 PRP ta Malam Aminu Kano ta zo da mabuɗi, NPN ta zo da gida da masara. A 1993 doki ne na SDP, mikiya ta NRC. Daga 1999 muka ga lemar PDP, daga baya tsintsiyar APC ta bayyana a 2013. Mai karatu ya duba da kyau, babu ko ɗaya a cikinsu da yaro ɗan firamare ba zai iya zanawa a ƙasa da tsinke ba, kuma kusan duka abubuwa ne da ke cikin gida ko gona. A takardar ƙuri'a, wannan ɗan hoton shi ne ke tsakanin mutum da zaɓinsa. Tambarin da aka cika wa tarkace, idan aka ƙanƙanta shi ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, sai ya zama dunƙulen tawada, mai zaɓe ya dangwala wa wani.

Tutar Nijeriya ma darasi ce. Ɗalibi ne ya zana ta, Michael Taiwo Akinkunmi, lokacin yana karatu a Landan, a gasar da aka yi a 1959. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore, fari, kore. Abin da aka rage shi ya sa kowane tela a kowace kasuwa zai iya ɗinka ta ba tare da ya tambayi kowa ba. Mu kuwa a aji kullum tunaninmu me za mu ƙara, ba me za mu cire ba.

Wani ɗan Kafanchan da ba a koya mana labarinsa

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, amsar wannan matsala a garin nan ta taso, amma ba a ambatonta a inda ake koyar da mu. Uche Okeke, ɗaya daga cikin manyan masu zane da Nijeriya ta yi, ɗan asalin Nimo ne ta jihar Anambra ta yanzu, amma a Kafanchan ya taso, garin da jirgin ƙasa ya tara wa baƙi daga ko'ina, kuma a makarantar St. Peter Claver ta nan ya yi firamare. Da ya je kwalejin da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai ya tarar malamai Turawa suna koyar da zane tamkar a Ingila ake zaune. A 1958 shi da abokansa, irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda daga baya aka riƙa yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya.

Ba cewa suka yi a watsar da ilimin Bature ba. Cewa suka yi a koyi dabararsa da kayan aikinsa, amma abin da za a zana da yadda za a kalle shi ya fito daga gida. Shi Okeke sai ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya mai da shi harsashin aikinsa, har ya je ya gina sashen zane na Jami'ar Nsukka a kan wannan turba bayan yaƙin basasa. Ya rasu a 2016. Abin lura gare mu 'ya'yan baƙi shi ne, mutumin nan ɗan baƙi ne kamarmu, ya girma cikin harsuna da al'adu da ba na iyayensa ba, kuma hakan bai makantar da shi ba, sai ma ya buɗe masa ido. Yaƙin da suka yi da manhajar Turawa a 1958 shi ne muke da shi yau da zanen da aka riga aka tsara a kwamfuta, sai dai namu ya fi wuya, don babu Baturen da ke tsaye a kanmu, mu ne da hannunmu muke latsawa.

Kuma ba wai abin ɗauka ne babu ba. Kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, a ƙasar Jaba aka fara tono su a 1928 wajen haƙar kuza, sannan a 1943 aka kai wa Bernard Fagg shahararren kan nan na Jama'a, wanda aka ce wani ya kafa shi a gonar doya don korar dabbobi. Duk inda ka ga irin idon nan mai kusurwa uku da rami a tsakiya, ko a Jos ko a Faransa, ka san Nok ne. Siffa ɗaya tak ta isa a gane su. Idan wannan ba tambari ba ne, to mene ne tambari? Ga layin da Dutsen Kagoro ke yi da sama idan rana za ta faɗi, ga ruwan Matsirga, ga ƙahon maharba, ga saƙar kwando da tabarma, ga yatsun citta kanta waɗanda babu biyu masu kama ɗaya. Ga kuma masu fenti da buroshi da suka yi shekaru suna rubutu a jikin manyan motoci da bangon shaguna, waɗanda injin buga fileks ya kusa raba su da abincinsu ba tare da wani ya zauna ya koyi hannunsu ba.

Alama tana iya tayar da wuta

A nan ne maganar ta wuce ado ta zama ta rai. A yankin nan alama ba ta zuwa ita kaɗai, da tarihi take tafe. Ba a haife ni ba a watan Maris na 1987, lokacin da rikici ya ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wadda yanzu take Gidan Waya, ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada. Musabbabinsa na da yawa, kuma kowane ɓangare da yadda yake ba da labarin. Amma waɗanda suka yi rubutu a kai sun ambaci cewa tun kafin ranar an yi ta ce-ce-ku-ce tsakanin ɗalibai a kan wani kyalle da aka rataya a makarantar don wani taron addini, wanda wasu suka karanta a matsayin maraba ga baƙi, wasu kuma suka karanta shi a matsayin an ce makarantar ta wasu ce ban da su. Ba kyallen ne ya kashe kowa ba. Sai dai ya nuna cewa kalmomi kaɗan a bakin ƙofa suna iya faɗin abin da mai rubuta su bai yi nufi ba.

Ga wani misali na kusa. Dagin Arewa, a Kano ko Katsina ko Maraɗi inda mahaifina ya fito, ado ne kawai na riga da bango da ƙofar gida. To amma Kagoro, tare da Jaba da Marwa, suna cikin ƙasashen da suka zauna da sarautarsu ba a ƙarƙashin sarkin Zazzau ko na Jama'a ba, kuma mutanen nan suna alfahari da hakan. Marigayi Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar Kagoro daga 1945 zuwa 2008, har yau da girmamawa ake kiran sunansa. Don haka yaron da ya manna dagi a tsakiyar fostar Afan saboda ya ga ya yi kyau, ya faɗi wata magana da bai san ya faɗa ba. Haka nan wanda ya ɗauko wani abu na al'adar maharba ya liƙa a kwalin sabulu ba tare da ya tambayi masu abin ba. Haka nan wanda ya yi wa mai shagon magani allo cike da alamun addini ɗaya, a layin da rabin masu wucewa ba na wannan addini ba ne. Ya rage masa ciniki, ya kuma sa wa shagon shaida a ranar da ba a fata. Waɗanda suka ga 2011 a Kafanchan da Zonkwa sun san me nake nufi.

Ba ina cewa mutum ya ɓoye addininsa ko asalinsa ba ne. Fostar coci ta fito a ta coci, ta maulidi ta fito a ta maulidi, babu laifi. Abin da nake cewa shi ne mai zane ya san nauyin kowace alama kafin ya ɗora ta, kamar yadda mai chemis ya san wane magani ba a haɗa shi da wane. Wannan kuwa babu manhajar da za ta koya maka, sai zama da mutane da tambaya. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa da muka tashi muna cin tuwon Kirsimeti a gidan maƙwabta, su ma suna cin naman layya a namu, muna da wata dama a nan, domin mun saba kallon abu da ido biyu.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na san akwai amsa, kuma ba ta banza ba ce. Na farko za a ce mai kuɗi shi ke da zaɓi: idan kwastoma ya ce kambun zinare yake so, kai wane ne? Gaskiya ne sau da yawa haka suke cewa, domin a ganinsu abin waje shi ne alamar ci gaba. Amma kwastoma ba kambu ya zo saye ba, ciniki ya zo nema. Tela nagari yakan gaya wa mai yadi cewa wannan ɗinki ba zai karɓe ka ba. Ka yi masa guda biyu, nasa da naka, ku fita waje ku manna a bango, ku ja da baya taku talatin, ya faɗa da bakinsa wanne ake gani. Gani ya kori ji.

Na biyu za a ce lokaci da farashi. Mutumin da za a biya kuɗin da bai wuce na kati da abincin rana ba, yaushe zai hau dutse ɗaukar hoto? Musamman lokacin zaɓe, da ake kwana ana buga fosta, babu mai tambayar kyau sai yawa. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai wanda duk abin da ya iya shi ne sauya suna a zanen wani, ya sani cewa kwastomansa ma ya kusa iya hakan a wayarsa, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto cikin daƙiƙa. Abin da zai rage a biya mutum dominsa shi ne abin da na'ura ba ta sani ba: wane launi ne rana da ƙurar hunturu ke cinyewa cikin wata uku, wace kalma ce za a rubuta da Hausa wace da Turanci wace da harshen Kagoro, wace alama ce za ta sa wani ya tsallaka titi.

Na uku, malamai za su ce sai an iya ƙa'ida kafin a karya ta. Ban musa ba. Su Okeke ma sai da suka iya zanen Bature tsaf. Roƙona dai kada ƙa'idar ta zama ita ce farko ita ce ƙarshe.

Citta da haƙƙin mai zane

Dalilin da ya sa aikin tambarin citta ya dame ni shi ne, kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a ƙasar nan, daga Kachia zuwa Jaba da Kagarko har nan kewayenmu, amma yawancinta a buhu take fita babu suna babu shaida. Can a wata ƙasa ake niƙa ta, a zuba a kwalba, a manna mata takarda mai kyau, ribar ta tsaya a can. Bayan cutar da ta cinye gonaki a daminar 2023, manoma da yawa sun ga illar dogaro da sayar da ɗanyen kaya kawai. Matan da ke niƙa citta da acca da yaji suna ƙullawa a leda suna bukatar suna da alamar da mai saye a Abuja ko Jos zai gane ya sake nema. Tambari ba zai warkar da gona ba, amma shi ne bambancin kayan wance da kayan kowa. Wannan aiki ne na gaske da ke jiran 'yan ajinmu, ba na neman maki ba.

Sai dai mu ma mu san darajar hannunmu. Alamar Nike da duniya ta sani, wata ɗalibar zane ce mai suna Carolyn Davidson ta yi ta a Amurka a 1971, aka biya ta dala 35, sai a 1983 kamfanin ya waiwaye ta da kyautar hannun jari. Akinkunmi fam 100 aka ba shi, ya yi shekaru da dama ba a tuna da shi ba, sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa, ya rasu a 2023. Ba kowa ne ake waiwaya ba. Saboda haka ko aikin naira nawa ne, a rubuta a takarda: nawa za a biya, gyara sau nawa, kuma wa ke da zanen bayan an gama.

Shawarata

Ga malamanmu da masu shagunan da ke koyar da yara, ina ba da shawarar a ƙara gwaji uku kafin a ba da maki. Na ɗaya, a buga tambarin ƙarami kamar kan hatimi, da baƙar tawada zalla, a ga ko yana nan. Na biyu, a kai shi kasuwa a nuna wa mutum biyar da ba su yi boko ba, a ɓoye rubutun, a tambaye su me ake sayarwa a nan. Na uku, a nuna wa dattijo ɗaya Kirista da ɗaya Musulmi, ɗan gari da baƙo, a tambaye su ko akwai abin da ya sosa musu rai. Sannan a kowane zango a ware rana ɗaya da za a kashe kwamfuta, a ba kowa fensir da takarda, a ce ya je ya zano abu goma da ya gani tsakanin tasha da gindin dutse. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cin kuɗi.

Ga 'yan uwana masu koyo kuma, bangon garin nan namu ne mu duka, kuma abin da muka manna a kai shi yara za su tashi suna ɗauka shi ne kyau. Allah ya ba mu zaman lafiya a Kagoro da Kafanchan da ƙasa baki ɗaya, ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.